Baba Lahcen da Hular da Ba a Wankewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, biyar ga watan Oktoba na 2025, Allah ya karɓi ran Baba Lahcen Bouzian, mai shagon gyaran keke na bayan tashar jirgin ƙasa a nan Ronse, yana da shekara sittin da huɗu a duniya. Ya bar matarsa Lalla Mimouna, da 'yarsa Hanane, da jikoki biyu, da ni Jafaru, wanda ba ɗansa ba ne amma ya shekara bakwai yana cin abincin gidansa. Likitoci sun ce zuciyarsa ce ta tsaya. Haka ne. Amma ina wurin, kuma na shaida cewa lokacin da take tsayawa tafi ake yi masa.

Baba, a ƙofar masallaci ka fara ganina, ranar wata Juma'a da ake ruwa, ina fama da wani tsohon keke da kacarsa ta zube. Ka tsaya a kaina kana kallo, hannunka a baya, har sai da na gama ɓata hannuna da baƙin mai. Sannan ka ce, "Yaro, wanda ya koya maka wannan aikin maƙiyinka ne. Turo shi mu je." Na turo shi muka je, kuma daga ranar ban sake neman wani wurin zuwa ba. Ba ka tambaye ni daga ina na fito ba sai da na ƙoshi da miyar harirar Lalla Mimouna. Ka koya mini ɗaure ƙafar keke da kunne, ina kaɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina sauraren wadda ta yi sako-sako. Ka koya mini cewa yaron da ya shigo da faci yana zare ido, hannunsa a aljihu, ba a tambayarsa komai, a gyara masa a ce ya gaida gida. Rabin yaran unguwar nan a kan kekunan da mutane suka zubar ka tayar suka koyi tuƙi. Da azumi kakan bar ni in tashi da wuri, ka ce kai tsoho ne, yunwa ta saba da kai.

Ni kuma da me na saka maka? Da tsiya. Na taɓa ɗura maka ruwa a tayar baya maimakon iska, ka hau tudun kasuwa kana nishi kana zagin shekarunka. Na taɓa kiran wayar shago da muryar tsohuwa na sa ka yi rabin awa kana yi mini bayanin birki cikin ladabi. Ba ka taɓa yin fushi ba. Ramawa kake yi. Kai ne ka aike ni shagon maƙwabci in aro maka iskar hunturu, wai ta bazara ba ta zama a taya idan sanyi ya shigo, na tafi da gaskiyata riƙe da famfo, mutumin ya yi ta dariya har da riƙe ƙofa. Da na dawo ka ce, "Ɗan banza, yau ka ji yadda take." Ban taɓa jin daɗin zagi kamar naka ba.

Abu ɗaya ne ban taɓa iya tsokanarka a kansa ba, shi ne ƙungiyarku ta masu hawan keke ranar Lahadi, Masu Taurin Sha-raɓa. Tsofaffi kusan ashirin cikin matsattsun kaya, kowa da tumbinsa a gaba, a taru a mashayar wata mata mai suna Lieve da safe, a hau tuddai har azahar, a dawo a sha barasa, kai kuma ka sha gahawarka a gefen tebur. Shekara talatin kana cikinsu. Kana ɗan shekara shida mahaifinka ya kawo ka garin nan lokacin da yake aikin masaƙa, yarensu kake yi har a mafarki, amma a bakinsu ba ka wuce "Balarabenmu" ba. Duk wanda tayarsa ta fashe a hanya sunanka yake kira. Kai ne mai tsugunawa a bakin titi cikin taɓo, su kuma suna tsaye suna cin ayaba. Ni nake tuƙa motar da ke bin bayanku da kayan gyara, don haka babu abin da aka ba ni labari.

Suna da wata hula. Ta ulu ce, koriya a da, ta mutumin da ya kafa ƙungiyar. Tun da ya mutu ba a taɓa wanke ta ba, kuma doka ce kada a wanke. Zufar kawunan mutane ta shekara arba'in ce a jikinta, ta ƙandare kamar fatar da aka shanya, bakinta ya yi baƙi yana ƙyalli. Idan Lieve ta ɗauko ta daga saman kantar mashayar warinta yakan riga ta isowa. Kowace Lahadin farkon wata, kafin a hau keke, sai kowa ya zauna ya rufe ido ya yi shiru, Lieve ta bi su ɗaya-ɗaya tana maƙala musu ɗan abin awo a yatsa. Wanda zuciyarsa ta fi bugawa a hankali shi ne gwarzo, don a wurinsu zuciyar zakaran tsere ba ta gaggawa. Shi zai sa hular, shi zai ja gaba ranar. Mutane masu jikoki suna riƙe numfashi don su ci wannan ƙazanta. Kai kuwa, Baba, ba ka taɓa cin ta ba. Taka zuciyar sittin da wani abu take bugawa, kamar ta kowane ɗan Adam mai lafiya, kana tafa wa wasu kana murmushi, amma na sha ganin yadda idonka ke bin hular nan idan ana ɗora wa wani.

A watan Fabrairu ciwon zuciya ya buge ka a shago, kana riƙe da sufana. Aka kai ka asibiti, aka buɗe jijiyar da ta toshe, ka tashi. Muka gode wa Allah. Amma da ka koma a duba ka, likitar ta ce akwai saura. Ina zaune tare da Hanane likitar ta yi mana bayani, kuma don ta ji sana'arka sai ta yi shi yadda za ka gane. Ta ce a cikin zuciya akwai wata siririyar hanya kamar waya, wadda ke kai saƙo daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa cewa su buga. Ciwon ya kashe naman da wayar ta ratsa. Yanzu saƙon wani lokaci ya isa, wani lokaci ya makara, wani lokaci ya ɓace a hanya, sai ɗakunan ƙasa su yi ta jira. Ta ce wayar birki ce da ta fara tsinkewa sili-sili: tana kamawa yau, tana kamawa gobe, ranar da za ta saki ba ta sallama. Maganin ɗan ƙaramin batir ne da ake dasawa a ƙarƙashin fata, yana tsaye yana gadi, duk lokacin da saƙon bai iso ba shi ya aika. Ka gyaɗa kai. Kai da ba ka taɓa barin keke ya fita shagonka da irin wannan waya ba, ka gane sarai.

Sai ka koma mashayar Lieve, ba don ka hau da nisa ba, don dai ka ga mutane. Aka maƙala maka abin a yatsa don raha. Arba'in da huɗu. Wurin ya kaure da ihu. Marnix, shugaban ƙungiyar, wanda ya yi aikin inshora har ya yi ritaya kuma yake ganin babu abin da bai sani ba, ya ɗauko hular da hannunsa ya ɗora maka, ya sumbaci goshinka.

"Jama'a, ku duba! Shekara talatin yana ɓoye mana zuciyar doki. Lahcen, tsohon munafuki, ashe asibiti gyaran inji suka yi maka!"

Ranar ce na fara jin ya kira ka da sunanka. Na ga fuskarka a ƙarƙashin wannan tsumma mai wari, kuma wallahi ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin haka ba, ko ranar sunan jikanka. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da abin da suka hana ka shekara talatin suka saye ka, kuma ba su ma san ciniki suke yi ba.

Wata na biye ka ci da arba'in da ɗaya. Na bayansa talatin da tara. Kana ramewa, leɓɓanka suna canza launi, matakalar shago guda huɗu sai ka huta a tsakiya, su kuma suna buga tebur. Sau biyu ka faɗi a hanya. Ina daga baya a mota na ga kekenka ya karkata a hankali ka zube cikin ciyawa, idonka a buɗe ba ka ganin kowa, can sai ka farfaɗo kana tambayar me ya faru. Suka ce yunwar hanya ce, kowane mahayi ya san ta. Suka tura maka wainar shinkafa a baki, suka ɗora ka a sirdi. Da na ce a kira motar asibiti, Marnix ya dafa kafaɗata ya ce, "Samari, kai dai riƙe sitiyarinka. Mu muna kan keke tun ba a haifi babanka ba."

Ranar da ka gaya musu maganar batir, na ɗauka ko mutum ɗaya zai ce Allah ya sa a yi a sa'a. Waɗannan mutane babu abin da suka raina a duniya kamar keke mai lantarki. Wanda ya sayi irinsa sai dai ya koma tafiya da matan ƙungiyar coci. Marnix ya ajiye kofinsa ya ce, "Batir? A ƙirji? To ai ka zama keken lantarki ke nan, mutumina. Sai mu nemo maka kwando a gaba ka riƙa ɗauko mana burodi." Aka fashe da dariya. Wani ya ce mai batir ba ya shiga gasar hula, don inji ne ke buga masa. Suka ɗaga hannu a kan haka, kamar majalisa. Staf kaɗai, tsohon direban bas, wanda shi ma ciwon ya taɓa bugewa bara, bai ɗaga ba. Kai ma ka yi dariyar tare da su.

An ba ka ranar dasa batirin a watan Satumba. Ka ɗaga ta zuwa bayan hawan rufe shekara na Oktoba. Lalla Mimouna ta yi kuka, Hanane ta yi faɗa har ta daina kawo yaran, ka ce saura wata ɗaya kawai, ka gama shekarar da hular a kanka sannan su saka maka duk abin da suke so, ko rediyo ne. Da na ga magana ta ƙi, sai na koma ga abin da na iya. Na ce maka wani likita yana sayar da tsohon keken tsere na ƙarfe, irin na Italiya da kake mutuwar so, matarsa ta matsa a rabu da shi, yana jiranmu a wurin ajiye motoci na asibiti. Na haɗa baki da Hanane tana ciki tana jira. Ka shiga mota da murna kana ta lissafin yadda za ka taya. Muka isa har bakin ƙofa. Ka dubi ƙofar, ka dube ni, ka ga motar Hanane a gefe. Sai ka yi dariya har da tari.

"Ɗan banza. Wannan ta fi ta ruwa a taya. Juya mu tafi, akwai keken mutane a kan ƙarfe."

Na ce, "Baba, don girman Allah, mu shiga."

Ka ce, "Bayan Oktoba, ɗana. Na yi maka alkawari."

Ban taɓa shirya tsiyar da na so ta ci kamar wannan ba, kuma ita ce ba ta ci ba.

Ranar Lahadin ina waje ina loda tayoyi a mota, ƙofar mashaya a buɗe. Na ji an yi tsit, na san an fara awo. Can na ji suna ƙirgawa da baki ɗaya, kamar masu kallon ƙwallo. Talatin da huɗu. Talatin da biyu. Wani yana buga tebur yana cewa ba a taɓa yi ba a tarihin ƙungiya. Talatin. Tafi ya ɓarke. Sai na ji muryar Marnix yana cewa, "Kai, Lieve, abin nan naki ya mutu, ba ya nuna komai. Kawo sabon batir." Na leƙo. Kana zaune a kujerarka ta gefen tebur, idonka a rufe kamar yadda kowa ke rufewa, kanka ya ɗan sunkuya, hular tana kanka tun cin da ka yi watan jiya. Marnix ya zare abin daga yatsanka yana girgiza shi kusa da kunnensa. Mutum ashirin a ɗakin, babu wanda ya dubi fuskarka. Lambar suke kallo.

Na ture su na kwantar da kai a ƙasa. Ni da Staf muka yi ta danna ƙirjinka har motar asibiti ta iso, ina yi maka kalmar shahada a kunne. Sun yi iya ƙoƙarinsu a can. Kafin azahar aka fito aka gaya wa Lalla Mimouna.

Na san ajali ba ya jira kuma ba ya gaggawa, kuma ban ce wani ya kashe ka ba. Abin da Allah ya rubuta shi ya faru. Amma Allah bai hana bawansa jin ƙyama ba, kuma ina jin ta har yau. Ranar jana'iza suka zo ƙofar masallaci cikin kayan hawansu, wai girmamawa ce, wandunan roba sun ɗame su, takalmansu masu ƙarfe suna ƙwas-ƙwas a kan dutse ana cikin salla. Da aka fito da kai Marnix ya matso da hular a hannu zai ɗora a kan akwatin gawar. Liman ya tare shi cikin mutunci ya ce mu ba ma haɗa mamaci da komai. Sai ya juya wurin Lalla Mimouna, matar da ko tsayuwa ba ta iya yi sai an riƙe ta, ya ce mata ta yi alfahari, mijinta ya tafi da lambar da babu wanda zai karya. Ya ce sun yanke shawarar za a ɗinka sunanka da lamba talatin a jikin hular, a ci gaba da gasar don tunawa da kai. Ya ƙara da cewa ga dukkan alamu Staf ne zai gaje ta, don watan jiya arba'in da biyu ya yi. Na dubi Staf. Leɓɓansa irin naka ne na watan Yuli.

Sai na sunkuyar da kai na yi muryar ladabi, irin wadda ka san idan na yi ta akwai abin da na ƙulla. Na ce, "Shugaba, ai akwai tela ɗan garinmu da ya iya ɗinkin suna da zaren zinariya. Ba ni ita, kyauta zai yi, don Baba." Ya miƙo mini da hannu biyu, har yana cewa in kula da ita.

Na kula da ita, Baba. Na kai ta shago na saka a bokitin da muke wanke kaca. Na tafasa ruwa a butar shayinka na zuba, na ƙara garin sabulu, na sa ƙotar tsintsiya na yi ta dama. Ruwan farko da ya fito ba zan kwatanta shi a takardar ta'aziyya ba. Sai da na buɗe ƙofa da taga. Na zubar na sake tafasa wani, na sake, har ruwan ya fito fari. Kai ka taɓa gaya mini abin da tafasasshen ruwa ke yi wa ulu, ranar da na lalata maka rigar sanyi. Da ta bushe a kan hita ta dawo kamar dunƙulen hannun jariri, koriya shar, tana ƙamshin lemun tsami.

Ranar Lahadin da ta biyo na kai musu ita a cikin kwalin kek, na ajiye a tsakiyar tebur. Marnix ya buɗe. Ya ɗaga ta da yatsa biyu. Na ce, "Telan ya ce ba ya taɓa ƙazanta, sai an wanke. Duk wanda ta shiga kansa ya sa." Lieve ta juya baya tana ɓoye dariya. Aka kore ni daga tuƙin motar a take, da ɗaga hannu, kamar majalisa. Ina fita Staf ya biyo ni waje da kekensa a hannu, ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce wai ya ji akwai wani likita mai sayar da keken Italiya, ko zan kai shi ya gani. Na ce shiga mota, Kawu. Wannan karon da muka isa bakin ƙofar an shiga. An dasa masa batirin ranar Alhamis, kuma jiya ya zo shago yana tambayar farashin kwando.

Hular tana nan. Lieve ce ta aiko mini da ita, ta ce babu mai so. Na kifa ta a kan ƙararrawar kekenka da ke rataye a bango, ta zauna daidai. Da Lalla Mimouna ta zo kwashe kayanka ta gan ta, ta tambaya na gaya mata, ta yi dariya har ta zauna a kan akwatin kayan aiki, daga nan dariyar ta koma kuka, na bar ta ta yi. Da ta share ido ta ce, "Da ka tafasa ta tun Fabrairu, ɗan banza." Da muryarka ta faɗa.

Allah ya jiƙanka, Baba Lahcen. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Duk yaron da ya hau keken da ka gyara ba ka karɓi komai ba, duk tsugunon da ka yi a bakin titi don wani ya isa gida, duk kwanon miyar da aka ajiye a gaban baƙo a gidanka, Allah ya sa ka same su a mizani. Ka nemi wuri a teburin mutane shekara talatin. Allah ya ba ka wurin da ba a gasa kafin a zauna, a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Mimouna, uwata a wannan ƙasa, da Hanane da mijinta da yaransu, da 'yan'uwansa na nan da na can Nador, garinsu na asali, da jama'ar masallacinmu, da yaran unguwa da har yanzu suke leƙowa shago suna tambayar ina Baba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, a tsakiyar mutanen da za su dubi fuskarmu. Amin.